Askar Naum Ba Ta Dakushewa

Ni na fara gani, tun kafin ya faɗa. Wata Talata ce a tsakiyar watan Yuni, ina sharar gashi a gindin kujera, mijina Naum yana tsaye a kan Spase mai gyaran tarakta, ya shafa masa kumfa har kunne. Sai na ga idon Naum na hagu ya runtse shi kaɗai, kafaɗarsa ta zabura kamar wanda garwashi ya faɗa wa cikin riga. Kafin in miƙe da tsintsiya abin ya wuce. Amma a ƙarƙashin haɓar Spase wani ɗan jan layi ya ɓullo cikin farin kumfa.

"Kai, wanzami!" in ji Spase. "Gemu na kawo maka, ban ce ka haɗa da wuya ba."

"Kai ka motsa."

"Ni? Shekara talatin ina zama a kujerar nan kamar gawa."

"Gawa ba ta surutu. Rufe bakin nan in gama."

Mutum uku da ke jiran layi suka yi dariya. Naum ya goga masa ɗan farin dutsen nan na tsai da jini, ya ƙarasa askin. Ni ban yi dariya ba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana riƙe da aska a garin nan, kuma ban taɓa ganin jinin kowa a tawul ɗinsa ba.

Da rana, muna cin wake da gasasshen barkono, na bar shi ya ci rabi sannan na ce, "Ba Spase ne ya motsa ba."

Ya daɗe yana tauna burodi. Can ya ɗora yatsa a gefen idonsa na hagu.

"Kin san doguwar allurar da ake tsire ganyen taba? Kamar ita aka soka mini a nan, bayan ido. Kafin in ce wayyo, an zare. Numfashi uku, shi ke nan. Sai ka ce ba a yi ba."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan bikin Ista."

"Sau nawa a rana?"

"Ɗaya. Wani lokaci biyu."

Na juya na dubi shagon. Ƙofar gaba a buɗe take ga titi, ta baya a buɗe ga tsakar gidanmu inda muke shanya taba, kujerar aski kuma daidai tsakaninsu. Iska tana shiga ta nan ta fita ta can, ta bi ta kan wuyan mutum. Ban ma tsaya tunani ba.

"Promaya ce," na ce.

Bai musa ba. Wa zai musa? Duk wanda ya tashi a garinmu ya san abin da promaya, iskar tsakanin ƙofa biyu, take yi. Ita ta karkatar da bakin mahaifiyata bayan ta zauna a bas tsakanin taga biyu. Ita ta sandarar da wuyan limamin cocinmu na mako guda. A ranar na rufe ƙofar baya, na cusa tsumma a ƙarƙashinta, na fito da hular ulun da na saƙa masa don sanyi na ɗora masa. Maƙwabciyarmu Donka ta ce a yanka dankali a jiƙa da ruwan tsami a ɗaura masa a goshi, na yi masa da rana in ya kwanta hutawa.

Yuli ya shigo da zafinsa. Shagon ya koma tanda. Mutane suna zama a kujera gumi yana wanke kumfar kafin aska ta iso, Naum kuwa yana tsaye da hular ulu har gira.

"Menka," in ji Spase, "in gasa mijinki kike so ki yi, ki barbaɗa masa gishiri mana."

"Kai dai ka zauna," na ce, "ba a kanka hular take ba."

Abin da ya sa na matsa haka, akwai ranar da ke jiranmu. Dimce ɗan Riste zai yi aure Lahadin farko na Satumba, da zarar an fita azumin Maryamu. Naum shi ne kum ɗinsa, wato ubansa na baftisma. Gidanmu ne ke yi wa gidansu kum tun zamanin kakanni. Naum ne ya riƙe Dimce a coci ranar baftisma, shi ya yanke masa gashin farko yana ɗan shekara ɗaya, kuma shi zai aske masa gemu a tsakar gidan ubansa safiyar aure, a gaban gari, da masu algaita da ganga a kansa. Ba aikin da ake miƙa wa wani ba ne. In kum ya ba wani aska ranar nan, kafin la'asar an ce zumuncin gidajen biyu ya tsinke. Mu ba mu haihu ba. Dimce ne ke zuwa ya faskara mana itacen hunturu ba tare da an aika masa ba.

A wajen askin ango, kowane wanzami yakan tsaya a tsakiya ya ɗaga aska ya ce ta dakushe, ba za ta ci ba sai dangin ango sun kawo tukuici: riga, tawul, safar ulu. A yi ta shewa, a rataya masa a kafaɗa, sannan askar ta farfaɗo. Naum ya aske ango goma sha ɗaya, bai taɓa yi ba. Mutane sun sani, har suna tsokanarsa da shi. Yakan ce, "Ba zan yi wa askata ƙarya saboda safa ba."

To, a cikin Yulin nan na lura ya fara korar masu gyaran gemu. Yau ya ce fatar wasa aska ta tsage, gobe ya ce sabulun bai iso daga birnin Prilep ba. Almakashi kawai yake riƙewa. Ni kuwa na san fatar tana nan rataye lafiya lau, ni nake shafa mata mai.

Sai na fara ƙirge, ban gaya masa ba. Da safe nakan zuba busasshen wake a aljihun hagu na rigar aikina. Duk sanda na ga idon ya runtse, ko ya tsaya cak da cokali a hanyar baki, sai in mai da ƙwaya ɗaya aljihun dama. Ba wuya gare ni. Dama aikina a shagon nan shara ne da sauraro. Ranar farko na samu goma sha huɗu. Na ce ko na yi kuskure. Washegari goma sha bakwai.

Wata Alhamis a ƙarshen Yuli, lokacin da gari ke kwance bayan abincin rana, ina tsire taba a inuwa sai na ji fas! daga cikin shago. Na cire tsumman na tura ƙofar. Naum yana zaune a kujerar masu aski, aska a buɗe a hannunsa, kumfa ta fantsama har madubi, har hularsa. A cinyarsa ga ragowar jan balan-balan. Haka ubansa ya koya masa yana yaro: a hura balan-balan a shafa masa kumfa, ka aske shi tas bai fashe ba, sannan a ba ka fuskar mutum. Na leƙa kwandon shara, na ga wasu guda uku, shuɗi da rawaya.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Biyu na aske lafiya."

Na ciro hular daga kansa. Gashinsa ya jiƙe sharkaf, fatar goshinsa ta yi ƙuraje. Mako shida na rufe ƙofar nan. Mako shida ina dafa shi, waken kuma bai ragu da ƙwaya ɗaya ba.

"Naum," na ce, "ina jin ba promaya ba ce."

Wannan maganar ta yi mini nauyi a baki fiye da yadda zan iya faɗa, don kamar na ƙaryata mahaifiyata ne.

"In ba ita ba ce," in ji shi, "to wani abu ne ke tsiro a ciki. Kamar na Baba Trayan."

Baba Trayan ƙanen ubansa ne. Da ciwon kai ya fara, bai ga girbin shekarar ba. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa mijina, mutumin da ba ya yarda a gaya masa ko yadda zai ɗaura takalmi, ya sa hular ulu a Yuli bai yi gardama ba. Muddin promaya ce, ba ɗayan ba ne.

Muka hau bas ɗin safe zuwa asibitin Prilep. Ya sake ɗora hular da kansa, wai tagogin bas a buɗe suke.

Likitar yarinya ce, ba ta fi sa'ar Dimce ba, sunanta Bilyana. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Baba, wannan hular fa? Dusar ƙanƙara ake yi a garinku?"

"Ga likitata ta farko nan," ya nuna ni. "Ita ta rubuta mini."

Ta yi murmushi, ba ta yi dariya ba, na kuwa gode mata a raina. Ta sa ya bi yatsanta da ido, ya taɓa hancinsa, ya taka layi. Ta haska masa ido. Ta tambayi ko idon yana ja ko yana hawaye in abin ya zo, ko hannu yana mutuwa, ko magana tana sarƙewa. Duk ya ce a'a.

"Sau nawa a rana?"

"Biyu. In ya yi yawa uku."

Na sa hannu a aljihu na zube na jiya a kan teburinta. Suka gangara har kan takardunta. Ta ƙirga da bakin biro.

"Goma sha tara. Mene ne wannan, Inna?"

"Wanda na gani ke nan. Ban da sanda yake bayan gida."

Naum ya juyo ya dube ni kamar yau ya fara ganina. 

Ta tura mu babban asibitin Bitola a ɗauki hoton cikin kansa. Kwana tara muka jira. A kwanakin nan bai taɓa aska ba ko sau ɗaya, ni kuma ban tambaye shi komai ba. Ranar da muka koma, ta ɗaga hoton ga hasken taga ta ce, "Kanka tas yake, Baba. Babu ƙari, babu jini, babu komai. Abin da ke damunka sananne ne, muna ganinsa. Jijiya ce ke yin wannan sukar ita kaɗai ba tare da wani dalili ba. Yana da zafi, amma ba ya kisa."

Na ji ya sauke numfashi. Hannunsa da ke kan gwiwa ya saki.

"To a ba ni abin da zan sha in ta soke ni."

"Kafin ka kai hannu ga kofin ruwa ta wuce, me za ka sha? Wannan ba a bin bayansa, gaba ake tarar sa." Ta rubuta. "Ƙwaya ɗaya sau uku a rana, ko ka ji ciwo ko ba ka ji ba. Amma maganin yana da zafi ga ciki. Ba a shan sa sai an ci abinci, abinci na gaske, ba gahawa ba. Ga wani ƙarami da za ka sha da safe don ya kare cikin. Barasa kuwa, ko ɗigo. In ka ji ciki yana ƙuna sosai, ko ka ga bayan gida ya yi baƙi, ka tsaya ka zo wurina a ranar."

"Zai ɗauke gaba ɗaya?"

"Ga wasu yana ɗaukewa. Ga wasu raguwa yake yi."

"Ni wanne ne?"

"Ban sani ba tukuna."

"'Yata, ni wanzami ne. Nan da mako uku zan ɗora aska a wuyan ango. Ki gaya mini ranar da zan iya cewa ba za ta zo ba."

Ta ajiye biro. "Ba ni da wannan ranar, Baba. In na ba ka, ƙarya na yi maka."

Muna fita na tsaya a bakin ƙofa na tambaye ta a hankali, ƙofar baya fa?

"Ki buɗe, Inna. Kakata ma har yau in na buɗe taga biyu sai ta bi ni da tsumma. Ki buɗe kawai."

Da muka dawo gida na sa tabarau na karanta takardar da ke cikin kwalin, daga sama har ƙasa, da ƙarfi, yatsana yana bin layi. Ta ɗauke ni kusan awa guda. Abin da aka lissafa na illa ya isa ya hana mai lafiya barci. Naum yana zaune da ƙwayar a tafin hannu, yana jujjuya ta. Mutum ne da ko haƙori aka cire masa bai sha magani ba.

"Abin mamaki," ya ce. "Yanzu ba abin da ke yi mini ciwo. In sha magani ina lafiya, don ciwon da bai zo ba."

"Ba ka wasa aska sai mai gemu ya zauna?"

Ya dube ni. Ya gutsuri burodi ya dangwali wake, don azumin Maryamu ya shiga, wanda ba a cin nama ko cuku a cikinsa. Ya ci loma biyar, ya jefa ƙwayar, ya bi ta da ruwa. Muka zauna muna kallon juna kamar za mu ji wani ƙara.

Ranar farko goma sha shida. Ta biyu goma sha ɗaya. Ya ce wannan ai ba komai ba ne, dama akwai ranakun da take sassautawa. Ta huɗu shida. Yanzu shi da kansa yake zuwa da yamma ya ce, "Zube mu gani." Rana ta shida ya yi wayo, ya sha ta safe da gahawa kawai don wani ya zo aski da wuri. Kafin azahar yana riƙe da ciki yana cije leɓe. Ban yi masa faɗa da yawa ba. Daga ranar na ɗauke kwalin na sa a aljihuna, ba ya ganin ƙwaya sai na ga faranti ya koma rabi.

Uku. Biyu. Uku. Rana ta goma sha ɗaya aljihun dama ya wuni babu komai. Na ji shi yana fito yana shafa wa fata aska, shuu, shuu, sautin da na yi wata biyu ban ji ba. Washegari, muna tsaka da karin kumallo, idon ya runtse. Da la'asar ya sake.

Ya daina fito. Ya zauna a bakin ƙofar baya, wadda yanzu take buɗe, yana kallon taba tana yin rawaya a rana.

"Daga goma sha tara zuwa biyu," na ce.

"Askin ango minti ashirin ne, Menka. Guda ɗaya ta isa."

Saura kwana huɗu ya ce in sa gyale mu je gidan Riste. Muka sami Dimce shi kaɗai a rumfar taba, yana rataye igiyoyin ganye, hannunsa baƙi da danƙo. Ya bar gemu ya taru tun mako biyu saboda ranar.

"Kum! Goggo Menka! Kun zo duba gonar da za ku girbe?" Ya shafa haɓarsa.

Naum bai zauna ba. Ya faɗa masa komai a tsaye: allurar, jinin Spase, balan-balan, hoton, ƙwayar. Ya ce akwai reza irin ta kanti mai kariya, in Dimce ya yarda zai ɓoye ta a tafin hannu, daga nesa ba mai ganewa.

Dimce ya goge hannu a wando. "Rezar kanti? A aurena? Gara in tafi coci da gemun nan kamar bunsuru."

"Ba wasa nake yi ba, yaro."

"Kum, Inna ta ce ranar da ka yi mini askin farko na yi ta shure-shure har na buge maka hanci. Ka yanke ni?"

"Ban yanke ka ba."

"To wannan karon ni zan zauna shiru, kai ka yi shure-shurenka."

Naum bai yi dariya ba. Ya kama haɓar yaron ya juya ta hagu da dama, ya bi jijiyar wuyansa da babban yatsa. Ya ce, "Ubana da ya tsufa hannunsa ya fara rawa, sai ya koma gajeren ja. Faɗin yatsa ɗaya, ya ɗaga. Faɗin yatsa ɗaya, ya ɗaga. Ƙaramin yatsa a dafe da ƙashin muƙamuƙi, in hannu ya zabura waje zai yi, ba ciki ba. Ina yi masa dariya a lokacin, ina cewa kaza ce ke tsattsaga." Ya sake shi. "Zai ɗauki lokaci. Kuma kada kowa ya ji. Wanzamin da aka san kansa yana sukarsa, wa zai miƙa masa wuya?"

"Ba mai ji a bakina," in ji Dimce.

Kwana ukun da suka rage ya aske balan-balan goma sha biyu da gajeren ja. Ɗaya ya fashe, kuma ba sukar nan ce ta jawo ba, kyanwar Donka ce ta faɗo daga katanga.

Safiyar Lahadi tsakar gidan Riste ba masaka tsinke. Tun daga titi ake jin ganga. Na ja Naum cikin kicin ɗin matan, na ba shi burodi da cuku da yankan tumatir, na tsaya a kansa har ya cinye, sannan na ba shi ƙwayar. Da muka fito Riste ya tarye shi da ƙaramin kofin barasar inabi, kofin farko na kum. Naum ya karɓa da hannu biyu, ya yi wa gidan addu'a, ya kai bakinsa ya ajiye a cike. Spase yana gefe, na ga girarsa ta ɗaga, amma ganga ta rufe abin da ya faɗa.

Aka zaunar da Dimce a kujera ƙarƙashin rumfar inabi. 'Yan mata biyu suka riƙe farin tawul a ƙarƙashin haɓarsa don kada gashin ango ya taɓa ƙasa. Mata suka ɗauki waƙar askin, uwarsa ta fara kuka tun kafin kumfa ta hau. Ni na tsaya ta hagun Naum, inda nake ganin idon.

Faɗin yatsa ɗaya, ya ɗaga. Faɗin yatsa ɗaya, ya ɗaga. Kuncin dama ya fito tas. Na hagu. Gashin baki. Wani ya ce, "Kum, yau da kai da kunkuru wa zai riga?" Bai kula ba. Ya ɗaga haɓar Dimce da yatsa biyu, wuyan ya miƙe fari da kumfa. Ya ja ɗaya. Ya ja biyu.

Idon ya runtse.

Hannun ya zabura waje, askar ta tashi sama ta tsaya a iska tana ƙyalli. Ko ɗigon ja babu a kumfar. Dimce bai ko haɗiyi yawu ba.

Spase ne ya fara ihu. "Ta dakushe! Jama'a, askar Naum ta dakushe! Shekara arba'in muna jira! Riste, ina safa? A kawo riga!"

Gida ya kaure da shewa. Mai ganga ya ƙara duka. Goggonnin ango suka ruga suka fito da riga da tawul da safar ulu, har an fara rataya masa a kafaɗa. Ni kuwa daɗi ya kama ni. Na ce a raina, Allah ya rufa mana asiri da al'adar da ya raina. Ba abin da zai yi sai ya yi murmushi ya karɓi safa.

Idon ya buɗe. Ya dubi askar a hannunsa, ya dubi safar a kafaɗarsa. Ya ɗaga ɗayan hannun ga mai ganga, ganga ta tsaya.

"Askata ba ta dakushe ba," ya ce. Ba da ƙarfi ya faɗa ba, amma kowa ya ji. "Kaina ne. Wani abu yana sukata a bayan ido tun Ista, numfashi uku ya wuce. Na je an duba, ba mugun abu ba ne. Ina shan magani. Da sau goma sha tara ne a rana, yanzu ɗaya ko biyu. Shi ya sa ban sha kofinka ba, Riste, ba raini ba ne. Yaron nan ya sani, ya ce in yi." Ya sauke rigar da safar ya miƙa wa wadda ta kawo. "Ku mai da kayanku. Saura rabin wuya."

 Na ji kukan kaza a bayan gida. Uwar ango ta sa hannu a baki, ta yi taku ɗaya kamar za ta zo, Riste ya riƙe mata gwiwar hannu.

Dimce, kansa a ɗage, ya yi magana ta tsakanin haƙora: "Kum, wuyana ya gaji. Amarya tana jira."

Mai ganga ya ɗora sanda a hankali. Naum ya dafa ƙaramin yatsa a muƙamuƙi. Faɗin yatsa ɗaya, ya ɗaga. Ya gama, ya goge fuskar da ruwan ɗumi, ya sumbaci goshin yaron. Sai da na ji hannuna a aljihu na tuna ban mai da waken ba.

Litinin ba ma buɗe shago. Talata muka buɗe ƙarfe bakwai kamar kullum, ƙofa biyu a buɗe. Ya ci burodinsa, ya sha ƙwayarsa, ya wasa aska, ya jera tawul. Takwas ta yi, tara ta yi. Mutane suna wucewa suna gaisuwa daga titi, suna tambayar jiki da wata irin murya mai taushi da ba su saba yi masa ba. Na share ƙasan da babu gashi sau biyu.

Wajen goma Spase ya shigo, hannunsa da baƙin mai, gemun kwana uku a fuskarsa. Ya tsaya yana kallon kujerar.

"Ashe ban motsa ba," ya ce.

"Ba ka motsa ba."

"Wata biyu da rabi matata tana cewa ni ne ba na iya zama wuri ɗaya." Ya juyo gare ni. "Menka, an ce ke ce mai wake. Nawa yau?"

"Ɗaya. Da sassafe."

"To ta riga ta zo ta tafi."

"Ba ta da alkawari," in ji Naum. "Tana iya dawowa. In almakashi kake so, ba zan ji haushi ba."

Spase ya sosa haɓa. Ya zauna, ya jingina kai, ya rufe ido.

"Yi irin na Dimce, tsattsagar kazar nan. Ba inda za ni."

Akwai mutum biyu da tun daga ranar auren askin kai kawai ke kawo su, gemu a gida suke yi. Naum bai taɓa ambata ba, ni ma haka. Likita Bilyana ta ce in an kai bazara za a gwada rage ƙwayar a gani. Har yanzu ina zuba wake a aljihun hagu kowace safiya, sai dai yanzu biyar nake ɗauka, kuma yawanci huɗu suna kwana inda suke.

Naum ya fara kaɗa kumfa. Spase ya buɗe ido ɗaya.

"Menka, don Allah rufe ƙofar bayan nan. Wanzami mai ciwon kai na yarda, amma promaya ba zan zauna a cikinta ba."

Na dubi Naum. Ya ɗaga kafaɗa. Na je na tura ta rabi.